Daga Samaru zuwa Yamai da Shafin Ɗakunan Haya

Tun da na dawo daga Yamai bakina bai huta ba. A kafe a tambaye ni, a coci a tambaye ni, har matar da nake sayen kayan miya a wurinta a kasuwar Sabon Gari sai da ta riƙe mini leda ta ce sai na gaya mata ko gaskiya ne mutanen can ba sa cin tuwo. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hannatu. Gidanmu yana Sabon Gari, ina aiki a wani kafen intanet a Samaru, kusa da ƙofar jami'a. Mai kafen, Alhaji Garba, abokin marigayi babana ne tun suna aikin jirgin ƙasa tare. Aikina in buɗe wa mutane imel, in buga musu takardu, in tayar da janareto idan an ɗauke wuta.

Duk farkon zangon karatu abu ɗaya muke gani. Sababbin ɗalibai daga nesa su zauna a kan jakunkunansu a bakin kafe, ba su da wurin kwana. Wasu su kwana a aji, wasu su faɗa hannun dillalan da za su nuna musu ɗakin da ba nasu ba. Alhali kuwa a Bomo da Hanwa da cikin Samaru ga masu gidaje da ɗakuna a kulle. Na ce wa Alhaji me zai hana mu yi shafin intanet mu jera ɗakunan nan, ɗalibi ya samu wuri tun yana garinsu. Ya yarda. Na hau acaɓa na bi gida-gida na ɗauki hotuna, na zo na gina shafin, na ƙawata shi iya ƙoƙarina. Da ka buɗe sai ga babban hoton ƙofar jami'a, ga haruffa suna yawo daga dama zuwa hagu, ga kiɗa, ga hoton Alhaji da tarihin kafe. Duk wanda na nuna wa sai ya ce ya yi kyau.

Zango ya zo ya wuce, ba wanda ya kira. Wadda ta fi damuna ita ce Mama Asabe, wata gwauruwa a Bomo da ta sallami dillalai saboda maganata, ɗakunanta suka zauna ba kowa. Ba ta yi mini faɗa ba, gaisuwa kawai take yi ta tambaye ni ko an samu wani. Alhaji ya ce in zango mai zuwa ya zo haka, mu rufe shafin, kada mu ci gaba da riƙe wa mutane ɗakunansu a banza.

Ana cikin haka wani malamin jami'a da ke zuwa kafenmu ya nuna mini sanarwar wani horo da za a yi a Yamai, na masu gina shafuka a wuraren da intanet ba ta da ƙarfi. Na nema, aka ɗauke ni. Mama, wato mahaifiyata, ta ce ba inda za ni, ba mu san kowa a Nijar ba, ban jin Faransanci, ban taɓa wuce Kano ba. Sai da Alhaji ya zo gidanmu da kansa ya zauna a zaure ya lallashe ta. Da safen tafiya ta yi mini addu'a mai tsawo, ta cusa mini dambun nama a jaka kamar wadda za ta ƙasar da ba a yanka.

Motar Sakkwato na shiga, muka bi ta Funtuwa da Gusau. Gab da Talatar Mafara taya ta fashe, ita kuma ta bayan mota da za a sa ashe ba iska. Direba ya tare wata mota ya tafi da ita neman mai faci, mu kuma muka baje a gindin bishiya. A nan na san Hajiya Rabi, 'yar kasuwa daga Birnin Ƙonni, wadda ta saro robobi da atamfa a kasuwarmu. Da na buɗe baki ta ce ba sai na faɗa ba, Zazzaganci ya riga ya faɗi garinmu. Na ba ta dambu, ta ba ni dabino. Da ta ji ni kaɗai ce kuma zan ƙetare iyaka, sai ta ɗauke ni kamar 'yarta. A Sakkwato gidan ƙanwarta muka kwana, ba su tambaye ni ko wace ce ni ba sai da na ƙoshi da tuwon shinkafa.

Washegari muka isa Illela. A ɓangarenmu ba a daɗe ba. Da muka taka ɓangaren Nijar Hajiya ta tafi wajen kayanta, ni kuma na ga layuka a gaban tagogi, kowace taga da rubutu a samanta, duk da Faransanci. Na zaɓi layin da ya fi tsawo, don a gida layi mai tsawo shi ne na gaskiya. Na daɗe a rana kafin in kai gaba. Jami'in ya yi mini tambaya, na ce masa "wi", wato "i", kalmar Faransanci ɗaya tak da aka koya mini a Samaru. Ya sake wata, na sake "wi". Sai na ji mutanen bayana suna dariya, ga Hajiya ta iso tana tafa hannu. Ashe layin masu shigo da dabbobi ne, na kuma riga na amsa cewa da raguna na zo kuma an yi musu allura. Jami'in ya ajiye biro ya ce mini da Hausa tsantsa in koma taga ta gaba, in gaishe masa da ragunan. Ashe ya fi ni Hausa.

A Ƙonni muka rabu da Hajiya. Ta kai ni tasha da kanta, ta damƙa ni a hannun mai karɓar tikiti, ta ce masa 'yar ƙanwarta ce. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne motar ta tashi a lokacin da aka ce za ta tashi, da kujeru a wofi. A tasharmu da sai mota ta cika ta batse, ko da za a kai la'asar. A hanya kuma, ta Dogon Dutsi da Doso, duk shingen da aka zo kowa ya sauka ya nuna takardarsa ya koma, ba mai gunaguni. Na sayi burodinsu, dogo kamar sanda, ɓawonsa ya kankare mini dasashi. Matar da ke kusa da ni ta nuna mini yadda ake tsoma shi a shayi.

A Yamai an sauke mu a wani gida kusa da wurin horon. Ɗaki ɗaya aka ba mu da wata 'yar Bamako, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, da hannu da dariya muka yi mako guda lafiya. Tuwo kuwa suna ci, har da miyar kuka, sai dai abin da na fi so shi ne kwaɗon zogalensu da suke kira kopto, kusan irin namu amma ya fi yaji. Da rana ta take sai gari ya yi tsit, a rufe ofis a rufe shago, kowa ya je ya kwanta sai rana ta yi sanyi. Ranar farko na ɗauka rasuwa aka yi. Shayinsu kuma a ɗan ƙaramin kofi ake sha, ɗaci kamar magani a zagayen farko, kuma ba a tashi sai an sha na ƙarshe mai zaƙi.

Da safen da za a fara horo na zauna gaban kwamfuta in aika wa Alhaji saƙon na iso lafiya. Na rubuta kalmar sirrina, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ni da nake buɗe wa mutane imel kullum ba tare da na kalli yatsuna ba, sai ga ni ina gumi, na fara tunanin an sace mini akwatin imel. Wata mata ta tsaya a bayana ta ce in dubi madannan. Na duba, ashe jerin haruffansu daban ne da namu. Inda yatsana ya san akwai A, Q ce zaune a wurin. Matar ita ce Malama Zainabu, mai ba da horon, 'yar Maraɗi, tana juya Faransanci da Turanci da Hausa kamar ba komai.

Ta ce, "Ki riƙe yadda kika ji yanzun nan. Kin iya aikinki, amma na'ura ta sa kin ji kamar ba ki san komai ba. Duk wanda ya shigo shafinki, kada ki bari ya ji haka."

Na zo da tsammanin za a koya mana sababbin dabarun ƙawata shafi. Ba ta ko taɓa wannan ba. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wa muka yi wa shafin, me ya zo nema, a ina yake zaune lokacin da yake buɗewa. Sannan ta ce za ta kawo wa kowa mutumin da yake da bukatar shafinsa da gaske, ya gwada a gabanmu. Ta juyo ta ce mini ni kam na yi sa'a, ta samo mini mushe. Na zaro ido. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta manta daga Najeriya nake, a wurinsu mushe malamin makaranta ne, ba dabbar da ta mutu ba yanka ba.

Mushe Idi dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, siriri, da tabarau mai kauri. Maƙwabcin Malama ne. 'Yarsa Ramatu ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a jami'armu ta Samaru, amma ba ta samu ɗaki a cikin makaranta ba. Uwarta ta ce muddin ba a san gidan da yarinyar za ta zauna da mutanen da ke cikinsa ba, ba za ta tafi ba, ko da gurbin zai wuce. Shi yana so ta tafi, amma bai san kowa a Zariya ba.

Sharaɗin Malama ɗaya ne. In zauna a gefensa, kada in yi magana, kada in nuna da yatsa, kada in taɓa linzamin kwamfuta.

Ya zauna ya gyara tabarau, aka buɗe masa shafin. Hoton ƙofar jami'a ya fara saukowa daga sama, layi-layi, kamar ana saƙa shi. A kafenmu ban taɓa ganin haka ba, don kwamfutata ta riga ta adana hoton. Ya jira. Kafin hoton ya kai rabi kiɗa ya ɓarke, dattijon ya zabura ya janye hannu, ya tambaya ko ya ɓata wani abu. Haruffan masu yawo ya bi su da ido, kafin ya haɗa kalma sun wuce. Ya latsa hoton Alhaji, ya karanta tarihin kafe da ɗan Turancin da yake ji, ya ce Allah ya yi wa wannan bawa albarka, amma shi ɗaki yake nema. Ɗakunan suna nan, na sa su ƙarƙashin wata kalmar Turanci da na ga manyan kamfanoni suna amfani da ita, wadda ke nufin hajar sayarwa. Ya wuce ta kanta sau da yawa bai latsa ba. Don kada in nuna masa, sai na zauna a kan hannuna.

Da ƙyar ya faɗa ciki bisa kuskure. Ya ga hoton wani ɗaki da sunan unguwa, Bomo. Ya ƙare masa kallo, sannan ya yi magana, ba da ni ba, da kwamfutar.

"To, Bomon nan ina ne? Da ƙafa ake zuwa lekwal ko da mota? Akwai ruwa? Wa ke cikin gidan?"

Lekwal ita ce makaranta a bakinsu. Ba ko ɗaya daga cikin amsoshin a shafin. Lambar wayarmu kuma na rubuta ta da ado a cikin wani hoto, hoton bai buɗe ba, sai ɗan akwati da jan gicciye. Ya nemi hanyar komawa baya, shafin ya mayar da shi farko, kiɗa ya sake tashi. Nan ya cire tabarau ya goge ido, ya juyo gare ni cikin ladabi.

"Ɗiyata, aikinki ya yi kyau ƙwarai. Ni ne tsufa ya hana ni ganewa."

Wannan maganar ta fi zagi yi mini zafi. Ga mutumin da ya koyar da yara shekara da shekaru, yana ba ni haƙuri a kan abin da ba laifinsa ba. Na fita bayan ɗakin na yi kukana. Malama ta bar ni sai da na gama, sannan ta zo da ruwa. Ba ta ce shafin ya lalace ba. Ta ce duk waɗanda suka yaba mini a Samaru kallon shafin suka yi, ba wanda ya shiga neman wurin kwana, kuma yau na ga bambancin. Ta ƙara da cewa tambayoyin da dattijon ya yi wa kwamfuta su ne shafin nawa, in je in gina shi a kansu.

Sauran kwanakin aikin da na yi ke nan. Na cire babban hoton, na kashe kiɗa, na tsayar da haruffa wuri ɗaya na ƙara musu girma. Shafin farko ya koma tambaya ɗaya da Hausa da Turanci, ko kana neman ɗaki kusa da jami'a, da maɓalli ɗaya babba a ƙasanta. Hotunan ɗakuna na rage musu nauyi har suna buɗewa kafin mutum ya gaji. A ƙarƙashin kowane ɗaki na sa abubuwa iri ɗaya a jeri iri ɗaya, don ido ya saba: unguwa, nisanta da ƙofar makaranta da ƙafa, rijiya ce ko famfo, akwai wuta ko babu, su wa ke zaune a gidan, na mata ne ko na maza, kuɗin haya, sai lambar waya da rubutu na gaskiya. Da yawa ban san amsarsu ba. Na shiga shagon buga waya na kira Alhaji, shi kuma ya bar kafe ya hau babur ɗinsa ya bi gidajen yana tambayowa.

Abu mafi wuya shi ne cirewa. Kowane ado da na goge na san ranar da na koyi yin sa. Malama takan zo ta tsaya ta nuna wani abu ta tambaye ni wa yake yi wa aiki, mai neman ɗaki ko ni. Sai ta wuce abinta, ni kuma in goge shi.

Ranar ƙarshe Mushe Idi ya dawo, wannan karon da Ramatu, doguwa mai kunya. Na sake zama a kan hannuna. Ya karanta tambayar da Hausa a fili, ya amsa mata da "i", ya latsa. Ya bi ɗakunan a hankali. Ya latsa wani hoto yana tsammanin zai buɗe, bai buɗe ba, sai rubutun gefensa ne ke buɗewa. Na lura, na gyara daga baya. Da ya zo kan na Mama Asabe ya karanta wa 'yarsa: gidan mata ne, mai gidan tana ciki da jikokinta, akwai rijiya a tsakar gida, da ƙafa ake zuwa makaranta. Ya fito da wayarsa ya kira a nan take. Sun daɗe suna gaisawa, ya tambayi jikokin, ta tambayi damina a wajensu, ya miƙa wa Ramatu ta gaishe ta. Da ya kashe wayar ya ce zai kai wa uwar yarinya lambar ta ji muryar matar da kunnenta, amma shi dai ransa ya kwanta. Ya dafa kaina ya yi mini addu'a irin tasu, na amsa da amin irin tamu.

Dawowa ba ta yi wuya ba, don na riga na san tagata. Na biya ta shagon Hajiya Rabi a Ƙonni, ta ƙi barina in wuce sai da na kwana. Da na iso Samaru Alhaji ya buɗe sabon shafin, ya duba sama ya duba ƙasa, ya tambaye ni ina hotonsa. Na nuna masa can ƙarshen shafi inda na mayar da tarihin kafe. Ya ce wato an yi masa ritaya ta biyu. Bai sake maganar ba, musamman da waya ta fara ƙara, daga Jos, daga Maiduguri, daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Maganar rufe shafi ta mutu. Yanzu duk abin da na canza a ciki sai na roƙi wani baƙon kafe ya gwada ina kallo, bakina a rufe.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Mama da ta danne tsoronta, da Alhaji, da Hajiya Rabi da ba ta haɗa komai da ni ba ta riƙe ni, da Malama Zainabu da ta hana ni magana a lokacin da na fi son yi.

Da aka buɗe makaranta Mushe Idi ya rako Ramatu da kansa. Na tare su a tasha, muka kai ta Bomo, Mama Asabe ta share ɗaki ta dama fura tana jira. Washegari kafin ya kama hanya ya biyo ta kafe ya yi sallama da Alhaji, suka zauna shan shayi kamar sun daɗe da sanin juna. Ya ce in buɗe masa shafin ya ƙara gani. Ya latsa da kansa, ba ya ko neman taimako, har ya zo kan ɗakin Ramatu. Yana nan a jeri, da hotonsa da lambar waya, kamar ba kowa a ciki. Hidimar baƙi ta sa ban waiwaye shi ba. Na ce masa zan cire da yamma in aiki ya lafa.

Ya girgiza kai. "A'a ɗiyata, cire shi yanzu. Wataƙila wani uba yana can Damagaram yana kallon ɗakin nan, har ya tashi ya je ya gaya wa matarsa an samu."

Na ja kujera na zauna. Kafin shayinsa ya huce na cire.